Zan Sauya Kamfanin Injinan Caji, Wane Saiti Zan Saya?

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Tudun Wadan Zariya. Yawancin aikina kabad ɗin kicin ne da wadirof da ƙofofi, wani lokaci kuma nakan bi abokan aiki ɗaurin rufi a Samaru ko Shika. Injinan caji biyu gare ni, na huji da na ɗaure sukuru, maigidana ne ya ba ni su ranar da ya yaye ni. Da batir uku suka zo. Biyu sun mutu, ɗayan kuma ba ya kai azahar. Na zaga kasuwar Sabon Gari, na aika Kaduna, babu irinsa. Yanzu na ɗauki adashi, ina so in koma wani kamfanin gaba ɗaya. Abu uku ne a gabana: wani saiti mai rahusa, inji shida a jaka ɗaya da batir biyu, saitin Makita ko DeWalt mai inji biyu kacal, amma ya fi mai shidan tsada, sai wani DeWalt na hannu mai inji huɗu da aka kawo daga Amurka. Wani kuma ya ce kada in ɓata kuɗina, in sayi adafta in riƙa sa sabon batir a tsofaffin injinan. Ga shi ina jin nauyin maigidana ya ga na jingine kyautarsa. Ku ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya saka wa maigidanka da alheri.

Ka duba abin da ya kawo ka nan. Injinanka lafiyarsu ƙalau, batir ne ya ƙare kuma ka rasa wanda zai maye gurbinsa. Saboda haka wannan karon batir za ka fara zaɓa, inji ya biyo baya. Kusan kowane kamfani da irin bakin batirinsa da cajarsa, na wannan ba ya shiga na wancan. Kamar aure ne, ba yarinyar kaɗai ka ɗauko ba, har da danginta. Duk injin da za ka ƙara nan da shekara biyar ko goma, zarto ne ko injin yanka ƙarfe ko fitila, daga gidan da ka zaɓa yau zai fito, in ba haka ba ka koma yawo da caja biyu da batura iri biyu.

Fitarka ta farko ka bar kuɗin a gida. Shiga shagunan kayan aiki na Sabon Gari, kada ka tambayi saiti. Ka ce a nuna maka batirin kamfanin shi kaɗai, da cajarsa ita kaɗai, da inji zalla wanda ba a haɗa da batir ba. Kamfanin da ba ka ga batirinsa a shago uku daban-daban ba, ka cire shi daga lissafi komai kyansa. Wanda ake ce maka "sai an aika Legas" shi ma haka, domin ranar da cajarka ta ƙone kana tsakiyar kicin ɗin mutane ba za ka iya jiran motar Legas ba. Kaduna da Kano suna kusa, ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya, wannan da sauƙi. Daga nan ka wuce wurin mai gyaran injina ka tambaye shi na wane kamfani yake samun makunni da giya da cok, wato bakin nan da ke damƙe ƙarfen huji. Mai gyara ya fi mai shago faɗa maka gaskiya, don shi ne ake kai wa gawar. Sannan ka duba hannun waɗanda kake bi ɗaurin rufi. Idan su uku suna riƙe da kamfani ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya raba maka gardama tsakanin Makita da DeWalt, don a kan rufi batir aro ake yi, kuma caja ɗaya takan wadatar da kowa. Ta fuskar inganci dukansu biyu za su riƙe aikinka, haka ma Bosch mai launin shuɗi. Ba mu ga dalilin da zai sa kafinta ya ɓata dare yana auna su ba.

Sai dai sunan kamfani bai wadatar ba, domin a cikin kamfani ɗaya akwai gidaje da ba sa shiga juna. Makita na da LXT mai 18V, wanda ya fito a 2005 kuma shi ne mai yawan injina. Tana da XGT mai 40V, da CXT mai 12V, da kuma wani mai 18V da ake kira G, mai rahusa, wanda lambar batirinsa ke ƙarewa da harafin G, kamar BL1815G. Wannan na ƙarshen yana kama mutane: 18V ne, Makita ne na gaskiya, amma batirinsa ba ya shiga injin LXT, na LXT ma ba ya shiga nasa. Ka nemi rubutun LXT a jikin injin da idonka. Bosch kuma kore daban, shuɗi daban, ko da duk 18V aka rubuta. Na masu sana'a shi ne shuɗin.

Lambar da aka fi ruɗa mutane da ita ita ce ta V, wato ƙarfin wutar batir. Mai shago zai ce maka mai 20V ya fi mai 18V ƙarfi. Abu ɗaya ne. A cikin batirin ƙwayoyi 5 ne a jere, kowace tana ba da 3.6V a bakin aiki, ka ga 18 ke nan. Idan yanzu aka cire shi daga caji, kowace ƙwaya tana kan 4V ko sama kaɗan, shi ne wasu ke rubuta 20. DeWalt ɗin da ake sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi ne ake sayarwa a Turai da sunan 18V XR, batirin wannan yana shiga wancan. Iyakar abin da ƙwayoyi 5 za su nuna 21V ne. Idan ka ga ɗan batir da bai fi tafin hannu ba an buga masa 48V ko 88V ko 128V, fenti ne kawai, ka ajiye shi ka wuce.

Wadda ya kamata ka tsaya a kanta ita ce Ah, don ita ke faɗin yawan wutar da batir ya ɗauka. Ka ninka ta da 18 ka sami Wh, wato jimillar wutar da ke ciki: mai 2.0Ah yana ɗauke da 36Wh, mai 4.0Ah 72Wh, mai 5.0Ah 90Wh. Mai 2.0Ah layi ɗaya ne na ƙwayoyi 5. Mai 4.0 ko 5.0 da aka saba gani layi biyu ne, ƙwayoyi 10, kuma amfaninsa bai tsaya ga daɗewa ba: layuka biyun suna raba nauyin aikin a tsakaninsu, sai batirin ya rage zafi, inji mai cin wuta kuma ba ya sarewa. Injin huji da na sukuru ba su da ci, don ɗan lokaci suke juyawa su tsaya. Zarto da injin yanka ƙarfe su ne masu cin. Injin da ke jan wat 500 a bakin aiki zai ƙarar da 90Wh cikin minti 11 ko ƙasa da haka idan ba a ɗaga hannu ba. Ka sa masa mai 36Wh, minti 4 ne, kuma kafin nan ya yi zafi ya yanke.

Wannan lissafin shi ne ke tona asirin saitin inji shida. Ka buɗe jakar ka ƙirga. Sau da yawa a cikin shidan akwai fitila, akwai injin hura ƙura, wani lokaci har cajar da jakar ma an ƙirga su. Baturan 1.5Ah ne ko 2.0Ah, cajar mai jan ƙafa ce, injin hujin kuma mai cok na milimita 10 ne. An ba ka zarto da injin yanka, amma ba a ba ka batirin da zai juya su ba, sai ka koma ka saya, rahusar ta tafi. Ka ware duk injin da ba za ka taɓa ba a kowane mako, ka raba kuɗin saitin a kan abin da ya rage, za ka ga ainihin farashin. Kuma idan sunan da ke jikin jakar ba ka san shi ba, ka koma gidan jiya, bayan shekara biyu za ka sake zaga Sabon Gari neman batir.

Ba muna cewa duk mai rahusa banza ba ne. Ingco da Total suna da nasu tsarin batir mai 20V da suke kira P20S, kayansu sun yawaita a kasuwanninmu, kuma ana samun batir da caja a ware. Idan adashin bai kai ga manyan kamfanonin ba, gara Ingco ko Total na gaskiya, mai batir 4.0Ah, da Makita na jabu. Jabun ya haɗa maka asara biyu, ka biya kuɗin suna kuma ba ka sami kayan ba.

Mu dai inda muka karkata shi ne saitin inji biyu, amma da sharuɗɗa. Injin hujin ya zama mai cok na milimita 13, na ƙarfe in da hali, mai giya biyu, mai zoben lambobi a wuya, kuma mai alamar guduma domin huda bulo. Lambobin jiki suna faɗa maka wannan. A Makita DHP mai guduma ne, DDF ba shi da ita. A Bosch GSB mai guduma, GSR babu. A DeWalt DCD796 na da ita, DCD791 babu. Ƙarfin murɗa tsakanin 50 da 70Nm ya ishe ka. Akwai masu 130Nm irin DHP486, amma nauyinsu zai gajiyar da kai a cikin kabad, kuma idan ƙarfen huji ya maƙale a katako suna iya murɗe maka wuyan hannu. Na biyun shi ne imfak, mai ɗaure sukuru da bugu, mai baki kusurwa shida. Tsakanin 150 da 200Nm ya wadatar. Idan akwai mai matakan gudu biyu ko uku, ka ƙara kuɗi ka ɗauke shi, ga dalili.

Imfak a kan rufi babu kamarsa. Dogon sukuru na milimita 100 a cikin tu-bai-fo, ko sukurun kwano mai kai milimita 8, shiga yake yi ba tare da ka danne da ƙirji ba. Amma a kan MDF, allon nan na matsattsen garin katako, ɓarna yake yi idan hannu bai saba ba. Ba shi da zoben da ke sakin sukuru idan ya zauna, sai ya ci gaba da bugu har zaren ya cinye ramin, sukurun ya riƙa juyawa a banza, ko gefen allon ya tsage. Hinji da layin durowa da hannun ƙofa aikin injin huji ne: giya ta ɗaya, zoben a kan ƙaramar lamba, ka fara daga 4 ko 5 kana ƙarawa har kan sukurun ya zauna daidai da fuskar allo. A gefen MDF kuma ka fara huda ramin jagora na milimita 2.5 zuwa 3 ga sukuru mai kaurin milimita 4. A nan ne amfanin inji biyu yake fitowa, ɗaya riƙe da ƙarfen huji, ɗaya da bakin sukuru, ba ka tsayawa sauyi. Wani abu da ke cin bakin sukuru a shaguna da yawa, ana ɗora wa injin laifi: baƙin sukurun nan da kafintoci suka fi amfani da shi bakin PH2 yake so, mai ruwan ɗorawa na allo wanda ke da ƙananan zane huɗu a tsakanin gicciyen kansa kuma PZ2. Ka sa ɗaya a wurin ɗaya, zamewa zai yi ta yi har ya cinye kan. Ka sayi bakunan da aka yi domin imfak, na gama-gari karyewa suke yi.

Alamar gudumar nan ta injin huji kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Bulo na yashi da siminti za ta huda shi, ka sa fisha mai milimita 6 ko 8 ka rataye kabad. Linta da ginshiƙi da deki kuwa kankare ne, wannan aikin injin SDS ne, wato injin huda kankare, mai bugun 2J ko kusa da haka, irin DHR242 na Makita ko DCH273 na DeWalt. Wanda ya dage da ƙaramin inji a kan kankare, ƙarfen hujin zai ƙone, cok ya saki, ramin kuma ya fi fishar faɗi. Shi ne daga baya kabad ya sunkuyo da kwanukan uwargida a ciki.

Maganar inji mai kabon da marar kabon kuwa, wato 'yan guntayen gawayin nan da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a cikin inji, ga injinan da za ka riƙe kullum ka ɗauki marar kabon. Ya fi jimirin batir, bai cika zafi ba, kuma babu kabon da zai cinye. Aibinsa ɗaya: idan allon lantarkin da ke cikinsa ya ƙone, yawanci da shi da koyil ake sauyawa tare, kuɗin ba kaɗan ba ne. Mai kabon kowane mai gyara zai buɗe shi ya tayar. Don haka injin da sai jifa-jifa za ka ɗauka, mai kabon ma ya yi.

Batir biyu ne mafi ƙaranci, kuma ka nemi saitin da ya zo da 4.0 ko 5.0Ah, don batir a cikin saiti ya fi araha a kan ka saye shi daban. DeWalt na rubuta wannan a ƙarshen lambar saiti: D2 batir biyu masu 2.0Ah, M2 masu 4.0, P2 masu 5.0. Harafin N a kayan Turai, ko B a na Amurka, inji ne zalla. A Makita harafin Z ke nuna haka. Mutane kan ga farashi ya faɗi su yi murna, sai an buɗe kwali a ga ba batir ba caja. Daga baya ka ƙara ƙarami ɗaya mai 2.0Ah, don idan kana kwance a cikin kabad hannu a sama, bambancin nauyin nan kafaɗarka za ta gaya maka. Adashi na gaba sai ka sayi zarto mai zagaye, zalla, mai faifan milimita 165. Yana yanka zurfin kusan milimita 55, ya ishi tu-bai-fo da allo. SDS ya biyo baya idan aikin kankare ya yawaita.

Caja ita ce abin da masu saye ba sa dubawa, alhali a garin da wuta ke zuwa ta ɗauke ita ce rabin saitin. Ka juya ta ka karanta abin da take fitarwa. Ka raba Ah na batir da A na caja, za ka sami kimanin awannin da zai ɗauka. Mai 5.0Ah a kan caja mai 2A awa biyu da rabi ne, a kan mai 4A awa ɗaya da kwata. A Makita, DC18RC mai fanka a ciki tana cika mai 5.0Ah cikin minti 45, DC18SD kuwa sai ta kusa awa biyu. Idan wutar unguwarku awa biyu take yi ta tafi, ta farko ta cika maka batir biyu har da saura, ta biyu ɗaya kawai. Caja mai sauri tana jan wat 200 zuwa 250, ƙaramin janareto zai ɗauke ta, amma ka bari ya daidaita kafin ka jona, ka kuma cire ta kafin a kashe shi ko mai ya ƙare, don hawa da saukar wutar nan ke kashe caja. Kada ka haɗa ta layi ɗaya da injin walda. Idan da inbata za ka yi caji, ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta sola ta gida, ba ƙaramar nan mai araha da ake maƙala wa batirin mota ba.

A kan cajar ne kuma saitin Amurka yake da tarko. Wutar Amurka 120V ce, tamu 230V. Cajar da aka yi wa kasuwarsu, ka jona ta a soket ɗinmu kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Sauya mata kan fulogi ba ya maganin komai. Ko dai ka haɗa ta da taransifoma mai rage wuta ta wat 500, ka kuma ɗaure su tare da salatif yadda yaron shago ba zai raba su ba, ko kuma, wanda ya fi, ka sayi cajar DeWalt mai 220 zuwa 240V, za ta caja baturan lafiya. Kuɗin wannan cajar ka cire shi daga farashin saitin tun wurin ciniki. Sannan ka ɗauka cewa baturan sun tsufa har sai sun nuna maka akasin haka. DeWalt na buga shekarar ƙira a jikin batir, ka nemi lambar da ta fara da shekara. Wanda ya haura shekara huɗu ko biyar, kada ka biya kuɗinsa kamar sabo. Akwai kuma ƙananan bambance-bambance da ke ba da wahala daga baya: zaren sandar injin yanka na Amurka ba M14 ba ne irin namu, idan notinsa ya ɓace sai an sha nema, ramin faifan zartonsu ma kusan milimita 16 ne, na nan kuwa yawanci 20. Idan bayan ka ƙara kuɗin caja da sabon batir ɗaya har yanzu saitin yana ƙasa da sabo mai inji biyu, kuma inji huɗun duk masu amfani ne gare ka, to ciniki ne mai kyau, injinan kansu suna da rai. In lissafin ya zo kusa da juna, ɗauki sabo.

Adafta ba za ta zama mafita ba, sai dai ta zama ƙari. Ƙwayar batir idan aka zuƙe ta ƙasa da kimanin 2.5V takan lalace, kuma abin da ke hana hakan ba wuri ɗaya yake ba a kowane kamfani. Wasu a cikin batir suka sa shi, wasu kamar DeWalt a cikin inji, wasu kuma sai batir da inji sun yi magana da juna ta ƙananan ƙarafan nan na tsakiya. Yawancin adaftocin kasuwa waya biyu kawai suke haɗawa. Ka ɗora sabon batir mai tsada a kan tsohon injin da bai san yaushe zai tsaya ba, sai ya shanye shi har caja ta ƙi karɓarsa. Idan ka sami wadda ta dace da tsofaffin injinanka, ka yi amfani da ita a ƙaramin aiki kawai, ka tsaya da zarar fitilar batir ta koma ɗaya, ka zare batirin da an gama don wasu adaftocin suna tsotsar wuta ko inji na ajiye. Kada ka taɓa yin caji ta cikinta.

Akwai hanyar da ta fi wannan ga kyautar maigidanka, wato a sauya ƙwayoyin ɗaya daga matattun baturan. Amma ka tsaya a kan mai gyaran. Da yawa ƙwayoyin tsohon batirin kwamfuta suke zubawa, girmansu ɗaya, 18650, amma an yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan, inji kuwa yakan nemi 20A ko fiye a lokaci guda. Za su yi zafi su mutu cikin makonni. A sa sababbi masu jure ja, duka iri ɗaya, a haɗa su da waldar ɗigo, ba da dalma da ƙarfe mai zafi ba. Idan aka yi haka, tsohon injin ya zauna a benci riƙe da ƙarfen ramin jagora ko mai faɗin milimita 35 na ramin hinji, ko ka damƙa wa babban yaronka. Shi kuwa maigida, kada ya ji a bakin wani. Ka je ka gaishe shi tun kafin ka saya, ka gaya masa batir ya gagara samuwa, ka nemi ra'ayinsa a kan kamfanonin biyu. Mai sana'a ne, ya san batir ba ya dawwama, kuma zai fi jin daɗin an tambaye shi a kan a ɓoye masa. In ya yarda ya raka ka kasuwa, ka samu ido na biyu.

Ranar saye ka tafi da guntun tu-bai-fo, da dogon sukuru, da dogon ƙarfen huji wanda ka tabbatar a miƙe yake. Ɗaura ƙarfen a cok ka juya a hankali kana kallon tsininsa. Idan yana zana da'ira a iska, cok ɗin ko sandar a karkace suke. Matsa makunnin kaɗan-kaɗan, gudun ya riƙa hawa a hankali, ba ya yi tsalle ba, kuma da ka saki ya tsaya cak. Leƙa ta ramukan iska yana juyawa: injin da aka rubuta marar kabon ne amma kana ganin tartsatsi a ciki, ƙarya aka yi maka. Sa batirin ka girgiza, kada ya yi lilo a mazauninsa. Sannan ka auna shi, ko a sikelin mai shago na kusa ne. Ƙwaya ɗaya ta kirki tana da nauyin giram 45 ko kusa da haka, goma sun kai 450, da kwanso da allon ciki mai 5.0Ah na gaskiya yakan haura giram 600. Wanda aka rubuta 5.0 ko 6.0 amma bai kai rabin kilo ba, akwai magana. A rubuta maka lambar kowane inji da kowane batir a rasit, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawo da kaya, a gaban shaida.

Cikin waɗannan kwanakin ka yi gwajin da ba a iya yi a shago. Yi aiki da kowane batir har inji ya tsaya da kansa, ka bar shi ya huce rabin awa, ka sa a caji ka duba agogo. Mai 5.0Ah a kan caja mai 4A da ya nuna ya cika cikin minti 20 ba 5.0 ba ne, ka mayar. Ka rubuta 1 da 2 a jikinsu da fenti, da sunanka, kana juya su bi da bi don kada ɗaya ya tsufa ya bar ɗaya.

Zafin Maris da Afrilu a Zariya yana kusantar digiri 40 a inuwa, kuma nan ne iyakar da kamfanonin suka yarda a yi caji. Batirin da ya sauko daga kan kwano da rana kada ya wuce kai tsaye kan caja, kada kuma ya yini a but ɗin mota ko a jaka a kan mashin cikin rana. Ka ware wa caja wuri a inuwa, a kan siminti, nesa da garin katako da tina da gam, kuma kada a bar ta jone a kulle shago a tafi gida. Lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar da ke ramukan iska na inji da na caja duk mako. Idan za ka yi wata guda ba ka taɓa wani batir ba, ka ajiye shi da rabin caji, a zare daga inji. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake zafi alhali ba ya aiki, ka fitar da shi waje kan yashi. Mataccen da ba za a gyara ba ka naɗe bakin ƙarafansa da salatif ka kai wa mai gyaran batir, kada ya shiga bola, don bolar unguwa wuta ake sa mata, ƙwayoyin nan kuma fashewa suke yi a cikin wuta.